Ƙwaƙwalwar matashi: gini ne da ba a kammala ba

Uwaye da malaman lakwal sun daɗe suna kuka da abu guda: yaron da aka sani da ladabi, da ya kai shekara 13 ko 14 sai ya rikiɗe, ga gardama, ga kasada, ga barcin safe. Wasu su ce lalacewar zamani ce, wasu su ɗora laifin bisa abokai. Masana ilimin ƙwaƙwalwa kuwa suna da wani bayani da ya kamata mu saurara, tun da yake kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba.

A da an ɗauka ƙwaƙwalwa tana gama ginuwa tun ƙuruciya, domin ta ɗan shekara 6 ta riga ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. A shekara ta 1999, likita Jay Giedd da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana binciken da suka yi da na'urar IRM, mai ɗaukar hoton cikin kai ba tare da fiɗa ba. Sun riƙa bin yara da hoto lokaci bayan lokaci, har suka tabbatar da cewa aikin gini yana ci gaba duk tsawon samartaka.

Aikin nan iri biyu ne. Na farko ragi: ƙwaƙwalwar yaro tana da mahaɗai barjat tsakanin ƙwayoyinta, sai ta riƙa zubar da waɗanda ba a amfani da su, tana ƙarfafa waɗanda ake mora, kamar yadda manomi ke rage tsiron hatsi a gindi guda domin sauran su yi ƙwari. Na biyu lulluɓi: wani farin kitse da ake kira miyelin yana naɗe jijiyoyin, tamkar roba bisa wayar lantarki, saƙo ya riƙa tafiya da sauri.

Sai dai sassan ba sa nuna tare. Sashen da ke kula da sha'awa da jin daɗi yana farkawa da ƙarfi tun lokacin balaga, alhali sashen goshi, mai auna abin da zai biyo baya da danne zuciya, ba ya kammala sai an wuce shekara 20. Wato doki ya ƙoshi, linzami kuwa yana wurin maƙeri.

A shekara ta 2005, Margo Gardner da Laurence Steinberg sun sa matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta. Da aka zaunar da tsaransu kusa suna kallo, sai kasadar matasan ta kusan ninkawa, ta manyan kuwa ba ta canza sosai ba. Duk wanda ya ga samari suna tseren babur gaban fada ya gane wannan. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kisan masu shekara 5 zuwa 29.

Barci ma haka. Binciken Mary Carskadon ya nuna cewa da balaga, melatonin, sinadarin da ke kiran barci, yakan jinkirta fitowa da dare. Matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10, amma idonsa ba ya rufuwa da wuri, ga shayi da salula sun ƙara dagula lamarin. Ɗalibin da ke gyangyaɗi da safe ba lalle rago ba ne.

Wannan laushin na ƙwaƙwalwa shi ke sa taba, giya da tramol saurin kama matashi, kuma OMS ta ƙiyasta cewa rabin cututtukan taɓin hankali suna somawa ne wajen shekara 14 ko kafin nan. Amma laushin nan dai shi ke sa shi saurin koyon harshe, sana'a da karatu, shi ke ba shi ƙarfin halin fita daga gindin uwaye ya nemi na kansa. Har shari'a ta lura da haka: a 2005 kotun ƙolin Amurka ta hana yanke hukuncin kisa ga wanda ya yi laifi kafin ya cika shekara 18.

Wannan ba ya nufin a bar matashi ya yi abin da ya ga dama. Kafin linzaminsa ya ƙeru, uwaye da malamai ne linzamin: su san abokansa, su tsare masa barcinsa, su ɗora masa nauyi daidai ƙarfinsa, su yi masa magana lokacin da zuciyarsa ta kwanta. Magabata kuma su tuna cewa duk yaro ko yarinyar da aka fidda daga lakwal a wannan tsakani, an katse masa gini ne ana cikin aiki. Hausawa sun riga sun faɗa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.