Bayanin Ijarar Leburori a Kudancin Kano

Idan kaka ta wuce, aka ɗaure dawa, aka kai shinkafa da masara rumbu, samarin ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba su zama gida. Wanda ya samu gonar rani a bakin ruwa ya tsaya, sauran kuwa sai su ɗauki shebur da 'yar jaka su nufi Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta rabu da babbar hanyar Zariya. Daga nan waɗansu su yi Kano, waɗansu Kaduna, waɗansu har Abuja, duk neman wurin da ake kwaɓa siminti ko haƙa lambatu. Mafi yawansu da baki ake ɗaukarsu. Helma ya dubi ƙirjin mutum, ya ce ya shiga layi, ya rubuta sunansa a wani ɗan littafi da ba ya barin aljihunsa. Shi ke nan an ƙulla ijara. Ranar da aka yi gardama kan kwanaki ko kan kuɗi, littafin yana hannun mai biya, shi kuwa lebura ba shi da komai sai kantar hannu.

Aikin gini na Gwamnati ba baƙo ba ne a wannan yanki. Hanyar jirgin ƙasa da aka faro daga Baro ta iso Kano a 1911, ta ratsa ƙasar Kiru, har aka yi tasha a Dangora da Yako. Mutanen da suka tara ƙasar da aka ɗora dogo a kanta, da yawansu ba da son ransu suka je ba. Turawa kan yanka wa Sarki adadi, Sarki ya yanka wa hakimai, hakimai su yanka wa dagatai, a ɗebo talakawa da diga da kwando. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya ga wannan zamani da idonsa, har ya yi Waƙar Diga a kansa. Sai a 1930 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Janiba kan aikin tilas, Gwamnatin Nijeriya ta yi tata doka a 1933 ta taƙaita shi, ko da yake ba ta kashe shi ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 34, ya haramta shi. Yau babu dagacin da ke da ikon ɗebo mutum ya kai shi haƙa. Talauci ne ke ɗebo shi.

Babban aikin da dattawan Bebeji suka fi tunawa shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tarin ƙasa ce aka daddaɓe, tsawonta wajen kilomita 6, bisanta mita 48. A shekarar da aka gama ta, watau 1974, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Dokar Ƙwadago, wadda har yanzu ita ce uwar dokokin da ke tsakanin mai aiki da ma'aikacinsa. Bayan nan ayyuka ba su yanke ba. A ƙarshen 2017 aka ba kamfanin Julius Berger kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kano, aka buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Kano a watan Mayu 2023. A watan Yuli 2021 kuma aka aza harsashin sabuwar hanyar jirgi daga Kano zuwa Kaduna, kilomita 203, a hannun kamfanin CCECC na ƙasar Sin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar birkiloli da kafintoci da masu ɗaure rodi da direbobin tifa da katafila, sa'an nan a ƙarƙashinsu duka akwai mai ɗaukar kwanon sarki.

Malamai ba su bukatar a koya musu hukuncin ijara, gama yana nan cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin ciniki da abin da ya yi kama da shi, da kuma cikin Muhtasar na Halil. Sharaɗinta a ambaci lada, a kuma san aikin ko a yanka masa ajali. Idan aka jahilci lada ijara ta ɓaci, wanda ya riga ya yi aiki kuwa sai a ba shi ladan irinsa bisa ga abin da aka saba biya a wurin. Akwai wata mas'ala kuma da ta shafi masu jinga ƙwarai. Malikawa sun rarrabe tsakanin ijara da ju'ala: a ju'ala ba a biya sai aiki ya kammala, amma ba ta inganta a inda mai aiki zai amfana da rabin aikin. Shi ya sa suka ce haƙa rijiya a cikin mallakar mutum ijara ce. To, wanda ya sa aka haƙa masa harsashin shago, aka kai rabi, sa'an nan ya kori masu haƙa ya ce ba su gama ba don haka ba su da komai, alhali ramin yana nan a filinsa zai ɗora gini a kai, wannan ba shi da mafaka a fiƙihu.

Dokar Gwamnati ta bi kusan wannan tafarki, sai dai ta ƙara da rubutu. Ta yarda cewa yarjejeniyar baki yarjejeniya ce, kuma wanda aka ɗauka da baki ma'aikaci ne. Amma sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki, kafin wata 3 su wuce daga ranar da mutum ya fara, ya ba shi takarda mai ɗauke da sunan mai aikin, da sunan ma'aikaci, da ranar ɗauka, da irin aikin, da yawan lada da yadda ake lissafa shi da lokacin biya, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin sallama. Wanda ya karanta ayar bashi a ƙarshen Baƙara ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abin takaici shi ne wannan wata 3 da aka sa don sauƙi ya zama ƙofar zamba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna kuka da masu sallamar lebura kafin wa'adin ya cika, su bar shi mako guda a gida, su sake ɗaukarsa kamar sabo, har mutum ya yi shekaru a wuri ɗaya yana nan ɗan yini. Tarar wanda ya ƙi ba da takardar kuwa ba ta wuce naira 800 a karo na fari. A 1974 kuɗi ne masu nauyi. Yau ba su sayen kwanon shinkafa.

Tsawon zama yana da amfani ne domin da shi ake auna wa'adin sallama. Sashe na 11 ya ce wanda bai wuce wata 3 ba a ba shi kwana 1. Wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Daga shekara 5 zuwa sama, wata 1. Wa'adin mako guda ko fiye lalle ne ya zama a rubuce, kuma a biya mutum dukkan kuɗinsa kafin wa'adin ya ƙare. Wanda ya cika wata 12 a jere yana da hutun kwana 6 na aiki da biya. Ba a jinkirta lada fiye da wata guda, ba a biya da kaya maimakon kuɗi, ba a kuma tilasta wa ma'aikaci ya sayi abinci ko wani abu a kantin mai aiki. Yankan kuɗi saboda fasa bulo ko ɓatar da shebur bai halatta helma ya yi shi da ra'ayinsa ba, sai an tabbatar da ganganci ko sakaci, kuma jami'in ƙwadago ya yarda a rubuce.

Mai karatu zai ce, ai manyan kamfanoni suna da ofis da akawu da tankifa, yaya za a yi haka? Amsa ita ce ma'aikatan da ke cikin littafin babban kamfani galibi suna da gata. Suna da ƙungiyarsu ta ma'aikatan gine-gine da kafintoci, wadda ake taƙaita sunanta NUCECFWW, ita kuwa takan zauna da ƙungiyar kamfanonin gini, FOCI, wadda aka kafa tun 1954, su daidaita albashi da alawus da kuɗin sallama. Amma aiki ba ya tsayawa a hannu ɗaya. Babban kamfani ya yanka kwalbati ko lambatu ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya ba wani jinga, wannan ya kira helma, helma ya kira 'yan garinsu. Kuɗi na saukowa daga hannu zuwa hannu, kowa na gutsura, in kuwa suka tsaya a sama, na ƙasa ne ke kwana da yunwa. In ya tambaya, kowa ya nuna na gaba da shi, har ya rasa wanda zai kira ubangidansa.

Mafi ƙarancin albashi ma bai cika riskar irin wannan mutum ba. Dokar 2019 ta sa shi naira 30,000 a wata, gyaran da aka yi a watan Yuli 2024 ya kai shi naira 70,000, watau kusan naira 2,700 a yini in aka raba da kwana 26. Amma dokar ta ware wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta ware masu aikin jinga da masu aikin da ke zuwa da lokacin shekara. Attajirin da ke gina shaguna a Tudun Wada da birkila 2 da leburori 6 ba ta hau kansa ba. Sai dai kada ya ɗauka ya kuɓuta daga sauran dokokin, gama sashe na 7 da na 11 ba su ƙidaya yawan ma'aikata.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen rauni da mutuwa. Katakon da magina ke hawa ya karye, gefen rami ya rufta, tifa ta ja da baya ba a gani ba. A littattafan fiƙihu, wanda aka yi ijararsa ya haƙa rijiya ta rufta da shi, jininsa jubar ne, watau babu diyya a kan mai rijiya matuƙar bai yi ta'adi ko sakaci ba. Wannan adalci ne ga mai rijiya, amma marayun suna nan. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗauki wata hanya: ba ta tambayar laifin wa, sai dai ko abin ya faru ne saboda aiki. Kowane mai aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata cikin asusun da hukumar NSITF ke riƙe, kuma haramun ne ya cire wannan daga kuɗin ma'aikaci. Dokar ta ambaci ɗan yini da ɗan wucin gadi da mai koyon sana'a da wanda aka ɗauka da baki, duka ta sa su ciki. Har haɗarin da ya samu mutum a hanya tsakanin gidansa da wurin aiki ta ɗauka. Wanda ya naƙasa ɗungum ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata, haka nan matar mamaci mai 'ya'ya 2 ko fiye. Ta kuma ɗaure wanda ya ba da kwangila tare da ɗan kwangilarsa wajen zuba kuɗin asusun, don kada ɗaya ya laɓe bayan ɗaya.

Amma akwai ajali. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara 1. A ƙauye kuwa abin da aka saba shi ne a kawo gawa cikin mota, wakilin ɗan kwangila ya zo ta'aziyya da buhun hatsi da 'yan kuɗi a ambulan, iyaye su ce sun bar wa Allah. Haƙuri abin yabo ne, sai dai haƙƙin marayu ba na kakansu ba ne balle ya yafe, kuma dokar kanta ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya sarayar da diyyarsa a cikinta ɓatacciya ce. Limamin da ya yi sallar gawa shi ya fi cancanta ya tuna wa mutane kwana 14 ɗin nan, tun ba a watse zaman makoki ba.

Wata magana kuma ta shafi tsangayu. Sashe na 59 ya hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, kuma dokar ta lissafa ginin gida da hanya da gada cikin masana'anta. Gardi mai ƙarfi ya yi leburanci ranar Alhamis ya sayi sabulu da tawada babu aibi. Ƙolo ɗan shekara 11 ɗauke da kwanon kwankare a kan tsani, wannan laifi ne a kan wanda ya sa shi.

In sulhu ya gagara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kano, inda jami'i kan kira ɓangarorin biyu. Bayan nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, gyaran Tsarin Mulki na 2010 kuma ya keɓe mata shari'un aiki ita kaɗai a sashe na 254C. Tana da zama a Kano. Mutumin Riruwai ko Falgore zai yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin ya kai ƙofarta, kuma abin da za a fara tambayarsa shi ne wa ya ɗauke shi, ran nawa ga wata, a kan nawa, kwana nawa ya yi. Ba lalle sai takarda mai hatimi ba: katin shiga wurin aiki, da saƙon banki a waya, da abokan aiki da suka ga ɗaukarsa, duka hujja ne. Almajirin da ya iya rubuta allo ya iya rubuta waɗannan abubuwa huɗu da ajami a bayan littafinsa tun ranar farko, ya riƙa jan layi guda kowace yamma, helma ko wani abokin aiki ya sa hannu a ƙarshen mako.