Yadda Ake Saitin Bawul na Ƙaramar Mota a Gida: Bayani ga Jama'ar Birnin Gwari da Kewaye

Gabatarwa

Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari akwai tafiyar kimanin kilomita 120. Hanyar ta bi ta Buruku da Udawa, kuma mafi yawanta daji ne. Haka abin yake ga mai fita daga Birnin Gwari zuwa Funtuwa ko Tegina, da mai shiga ƙauyukan Kuyello, Randagi, Dogon Dawa da Damari. A wannan yanki ne Gandun Dajin Kamuku yake, wanda aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a shekarar 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100. Duk wanda ya san irin matsalar tsaron da yankin ya sha fama da ita shekara da shekaru, ya san cewa mutuwar mota a tsakiyar wannan hanya ba ƙaramin al'amari ba ne, musamman idan an ɗauko mara lafiya ko mace mai naƙuda.

Daga cikin abubuwan da ke kashe injin mota sannu a hankali akwai lalacewar saitin bawul. Gyaransa ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma a wasu motocin mai mota zai iya yin sa da kansa a ƙofar gida. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa jama'a wannan bayani, tare da jami'an ƙananan hukumomi da ke kula da motocin gwamnati.

Mene ne bawul, kuma mene ne amfanin ratarsa?

Injin ƙaramar mota yawanci yana da silinda huɗu. A saman kowace silinda akwai bawul iri biyu. Na farko shi ke buɗewa iska da fetur su shiga. Na biyu shi ke buɗewa hayaƙi ya fita zuwa salansa. Lokacin da fistin ya matse iska da fetur har fulogi ya ba da wuta, wajibi ne dukkan bawul ɗin su kasance a rufe ruf, in ba haka ba ƙarfin injin zai zurare.

Abin da ke danna bawul ya buɗe shi ne kamshaf, ko dai kai tsaye, ko ta hanyar wani ɗan ƙarfe mai kama da hannun sikeli wanda kanikawa ke kira roka. Tsakanin wannan ƙarfe da kan bawul, masu ƙera injin sun bar 'yar rata da gangan. Dalili kuwa shi ne ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi. Bawul ɗin hayaƙi yakan kai zafin da ya wuce digiri 600 a ma'aunin Salshiyas yayin da injin ke aiki, don haka ne ma ratarsa ta fi ta bawul ɗin shigar mai faɗi a yawancin injuna. Wannan rata ƙarama ce ƙwarai: kaurin takardar rubutu guda ɗaya kimanin milimita 0.10 ne, ratar bawul kuwa ba ta cika wuce kaurin takarda biyu ko uku ba.

Illar rata idan ta ɓaci

Idan ratar ta yi yawa, za a riƙa jin ƙara kas-kas-kas daga saman injin, tamkar ta keken ɗinki. Bawul ba ya buɗewa sosai, ƙarfin mota yana raguwa, kuma ƙarafan suna cin juna.

Idan ratar ta yi kaɗan, haɗarin ya fi girma, domin injin ba ya ƙara, mai mota sai ya ɗauka lafiya lau ne. Da zarar injin ya yi zafi, bawul ba zai zauna daidai a mazauninsa ba. Ta wannan zama ne bawul ke sauke zafinsa a jikin kan silinda. Idan ya rasa shi, wutar da ke zurarewa ta gefensa sai ta ƙona shi. Alamomin wannan su ne: mota ta riƙa wahalar tashi, ta riƙa karkarwa ko mutuwa a sulo, ta kasa hawan tudu da kaya, shan mai kuma ya ƙaru. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, kowa ya san darajar lita guda. Bawul ɗin da ya ƙone kuwa sai an sauke kan silinda gaba ɗaya kafin a canza shi, wanda kuɗinsa ya ninka na saiti sau da yawa.

Ba kowace mota ce ake yi wa saiti ba

Kafin a taɓa sifana, ya kamata mai mota ya san irin injinsa, domin iri uku ne.

Na farko, injin mai sukuru da noti a kan roka. Shi ne wanda ake iya saitawa a gida. Misalinsa Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975, da Honda Civic da Accord na shekarun 1990, da wasu tsofaffin ƙananan Toyota da Nissan.

Na biyu, injin da ake saitawa da 'yan faya-fayan ƙarfe masu kauri daban-daban, waɗanda ake kira shim. Akwai shi a injunan Toyota Corolla da dama. Mai mota zai iya auna ratar, amma canza shim aikin ƙwararren makanike ne mai kayan aiki.

Na uku, injin da ke saita kansa da ƙarfin baƙin mai. Motar Golf 3 da ta cika tashoshinmu tana cikin wannan rukuni, haka ma Opel Vectra. Irin wannan ba shi da abin ɗaurewa ko sassautawa. Idan yana ƙara a sama, a fara duba baƙin mai: ko ya yi ƙasa, ko ya tsufa, ko ba irin wanda ya dace ba ne aka zuba.

Ma'aunin da ya dace

Kowane injin da nasa ma'auni, kuma ana samunsa a littafin mota, ko a wata takarda da ake mannawa a ƙarƙashin murfin gaba. Ga misalai:

Peugeot 504 mai fetur: bawul ɗin shiga milimita 0.10, na hayaƙi milimita 0.25, injin yana sanyi.

Honda Civic mai kamshaf ɗaya ta shekarun 1990: na shiga milimita 0.18 zuwa 0.22, na hayaƙi 0.23 zuwa 0.27, zafin injin bai kai digiri 38 ba.

Injin ban ruwa samfurin Honda GX160 da manoman fadama ke amfani da shi: na shiga milimita 0.15, na hayaƙi 0.20, yana sanyi.

A lura cewa a watannin Maris da Afrilu zafin rana kaɗai kan kai ƙarfe wannan mataki na digiri 38. Don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe, bayan motar ta kwana ba a tayar da ita ba. Sai dai akwai wasu tsofaffin injunan Toyota da Nissan da kamfani ya ce a saita su bayan sun ɗauki zafi. Duk wanda bai tabbatar da ma'aunin motarsa ba, kada ya ari na motar maƙwabci.

Kayan aiki

Ana buƙatar filageji, wato ma'aunin rata mai siraran ƙarafa da aka rubuta kaurin kowanne a jikinsa. Sai sifana mai zobe daidai da notin roka, da sukundireba mai faɗin baki, da sifanar cire fulogi, da babbar soket ta juya injin, da tsumma mai tsabta, da sabon gasket na murfin saman injin idan tsohon ya bushe. Muna jan hankalin jama'a da su guji auna rata da reza ko kwalin sigari, ko saiti da kunne kawai. Kuɗin filageji bai taka kara ya karya ba.

Matakan aikin

1. A ajiye mota a wuri mai shimfiɗe, cikin inuwa, inda iska ba ta kwaso ƙura. A lokacin hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, domin yashin da ya faɗa cikin injin buɗaɗɗe yana cin ƙarfe. A sa giya a firi, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi da dutse, sannan a cire wayar batir ta gefen alamar ragi.

2. A goge saman injin. A sa wa wayoyin fulogi alama don kada su rikice, sannan a cire fulogan domin injin ya yi sauƙin juyawa. A toshe ramukansu da tsumma mai tsabta.

3. A kwance murfin saman injin a hankali, a tara notinansa a cikin kwano.

4. A tantance bawul ɗin shiga da na hayaƙi. Wanda ya yi daidai da bututun da ke zuwa daga kafireto ko maƙogwaron iska shi ne na shiga. Wanda ya yi daidai da bututun salansa shi ne na hayaƙi. A kuma tantance silinda ta ɗaya. A yawancin motoci ana fara ƙirga daga gefen fuli, amma a motocin Faransa irin su Peugeot ana farawa daga gefen giya.

5. A juya injin da hannu ta kan notin fulin ƙasa, ta ɓangaren da yake juyawa idan yana aiki, kada a koma da baya. Yawancin injuna suna bin hannun agogo, amma tsofaffin injunan Honda saɓanin haka suke juyawa. Kada a yi amfani da makulli wajen wannan juyi.

6. A yawancin injuna masu silinda huɗu wuta tana bin tsarin 1, 3, 4, 2, kuma fistin na 1 da na 4 tare suke hawa, haka na 2 da na 3. A zuba ido kan silinda ta 4. Idan aka ga bawul ɗinta na hayaƙi yana gama rufewa, na shiga kuma yana fara buɗewa, to a tsaya. A wannan lokaci dukkan bawul ɗin silinda ta 1 a rufe suke, kuma ita za a auna.

7. A zura filageji mai kaurin da ya dace tsakanin roka da kan bawul. Idan ratar daidai take, zai shiga da ɗan ja kaɗan, kamar ana zaro takarda daga tsakiyar littafi. Idan ya ƙi shiga, ratar ta yi kaɗan. Idan ya wuce sakwaf, ta yi yawa. Wanda aka samu daidai a ƙyale shi.

8. Wanda ya ɓaci, a sassauta notinsa, a juya sukurun da sukundireba har filageji ya ba da wannan ɗan ja. A riƙe sukurun kada ya motsa, a ɗaure noti, sannan a sake aunawa, domin ɗaurin noti kan ja sukurun. Kada a ɗaure da ƙarfin tsiya har zaren ya mutu.

9. A juya injin rabin zagaye. Idan bawul ɗin silinda ta 2 suka yi wancan motsi, a saita ta 3. A ƙara rabin zagaye: ta 1 na motsi, a saita ta 4. A ƙara rabi: ta 3 na motsi, a saita ta 2. Zagaye biyu cikakku ya gama aikin. A riƙa sa alamar alli a kan wanda aka gama.

10. A sake zagayawa a auna duka sau ɗaya. A mayar da murfi da gasket ɗinsa, a ɗaure notinan kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefe. A cire tsummokin, a mayar da fulogai da wayoyinsu, a tabbatar an cire soket daga kan fuli kafin a haɗa batir.

11. A tayar da mota a fili, ba a cikin rufaffen ɗaki ko zaure ba, saboda hayaƙinta guba ne mai kisa. A saurari injin, a duba ko baƙin mai na yoyo ta gefen murfi. 'Yar ƙara siririya a irin waɗannan injuna ba laifi ba ce.

Lokacin da ya wajaba a je wurin makanike

Idan an sassauta sukuru har ƙarshe amma rata ba ta samu ba, ko kuma an yi saiti ratar ta sake matsewa cikin 'yan makonni, to mazaunin bawul ne ya cinye. Idan bayan saiti motar ba ta daina karkarwa ba, a sa makanike ya auna matsin kowace silinda. Ƙara mai nauyi da ke fitowa daga ƙasan injin, ko shuɗin hayaƙi daga salansa, ko ruwan lagireto da ke gauraya da baƙin mai, duk ba matsalar saitin bawul ba ce, kuma bai kamata a shiga daji da irin wannan mota ba.

Har ila yau, masu motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas, bayan shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a shekarar 2023, su sani cewa a injunan da ba a ƙera su don gas ba mazaunin bawul kan fi saurin cinyewa. Ya kamata su riƙa auna rata akai-akai fiye da masu amfani da fetur.

Kira ga jami'ai da shugabannin direbobi

A tsofaffin injuna masu sukuru da noti, galibi ana so a duba ratar bawul tsakanin kilomita 20,000 zuwa 40,000, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Muna ba jami'an da ke kula da motocin ƙaramar hukuma da na asibitoci shawarar su tanadi littafi ga kowace mota, a riƙa rubuta ranar da aka yi saiti, da adadin kilomita, da ma'aunin da aka samu a kowane bawul kafin gyara da bayansa. Wannan rubutu shi zai nuna bawul ɗin da ke matsewa tun kafin ya ƙone. Shugabannin tashoshin mota su ma za su iya sayen filageji da sifanu na haɗin gwiwa, direbobi su riƙa ara, tare da gayyatar gogaggen makanike ya nuna wa matasa aikin a aikace.

Kammalawa

Wanda bai taɓa yin wannan aiki ba, ya fara yin sa a gaban wanda ya iya. Kada kuma a bari sai daren da za a yi tafiya: a yi saiti da kwana biyu ko uku a hannu, a gwada motar a cikin gari tukuna. Lokacin kaka, sa'ad da motoci ke jigilar masara daga ƙauyuka zuwa kasuwa, shi ne lokacin da injin ya fi shan wahala, don haka a duba bawul tun kafin a fara girbi.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.