Abin da Ke Samun Haske a Kan Iyaka

Haske da igiyoyin rediyo da na wayar salula duk dangi ɗaya ne, wato igiyoyin lantarki da maganaɗisu, waɗanda James Clerk Maxwell ya tsara dokokinsu a 1865. Gudunsu a sarari ya kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma da zarar sun shiga abin da ba ya ɗaukar wutar lantarki, kamar gilashi ko tsabtataccen ruwa, wanda masana ke kira dayilektirik, sai gudun ya ragu, na haske ya koma kimanin 225,000 a ruwa, 200,000 a gilashi.

A inda irin waɗannan abubuwa biyu suka yi iyaka, igiyar takan rabu, wani kaso ya dawo, wani ya wuce ciki a karkace, shi ya sa ludayin da aka tsoma cikin ruwa yake zama kamar ya karye. Ibn Sahl ya fayyace ƙa'idar wannan karkata a Bagadaza wajen shekarar 984, ko da yake littattafai sun fi jingina ta ga Snell, wanda ya sake gano ta a 1621. Dalilin rabuwar kuwa shi ne, ƙarfin lantarki da na maganaɗisu da ke kwance a kan iyakar dole su zo daidai ta kowane ɓangare, kuma tunda gudun igiyar da ta wuce ya sauya, ba ta iya cika wannan sharaɗi sai da gudummawar wadda ta dawo.

Yawan abin da ke dawowa ya danganta ne da kusurwa, kamar yadda lissafin Augustin Fresnel na Faransa ya nuna. Hasken da ya faɗa kan gilashi kai tsaye kashi 4 cikin 100 kacal yake dawowa, a kan ruwa kuma kashi 2, amma idan ya zo a kwance, kusan duka yake komowa. Mai tsaye a bakin tafki yana ganin yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, alhali can nesa ba ya hango komai a kan ruwan sai hoton gajimare.

Idan kuma daga gilashi hasken ya nufi iska, ya kuma kauce wa layin da ke tsaye cak a kan iyakar da fiye da digiri 42, ko kaɗan ba ya fita, ciki yake komawa. Da irin wannan dabara ake tsare haske cikin siririn zaren gilashi, kuma ta wannan zare ne, a shimfiɗe ƙarƙashin teku, mafi yawan saƙonnin intanet ke ƙetarawa tsakanin nahiyoyi.