Masu Ɗinka Sabuwar Waƙa a Tsohon Yayi

A 1996 ɗan wasan Amurka Tom Hanks ya fitar da fim a kan wasu samari makaɗa na 1964 da suka yi tashe da waƙa ɗaya tak. Wahalar aikin tana ga waƙar. Ana so ta zama sabuwa fil, amma duk wanda ya ji ta ya rantse tun zamanin Beatles ya san ta. Kuma za a yi ta maimaita ta a fim ɗin, ba a so ta gunduri kowa. Adam Schlesinger ne ya rubuta ta, wato "That Thing You Do!", har ta shigar da shi takarar Oscar.

Sana'arsa ke nan, shi da abokinsa Chris Collingwood. Sun haɗu a kwalejin Williams ta jihar Massachusetts, suka kafa ƙungiyar Fountains of Wayne a birnin New York a 1995. Sunan ma aro ne, daga wani shagon kayan ƙawata farfajiya a garin Wayne na New Jersey. Schlesinger na riƙe da jita mai kauri, Collingwood na rerawa, Jody Porter na jita, Brian Young na ganga.

Salon da suke bi ana kiransa power pop, sunan da Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya raɗa a 1967. Ƙa'idarsa ba ta da yawa, sai dai ba ta yafiya. Waƙa ba ta cika wuce minti uku da 'yan kai ba. Jita ta yi ƙara, muryoyi biyu ko uku su hau juna a daidai, wani lokaci a sa tafi, amshi kuma ya zo da wuri, ya maƙale a kai tun jin farko. Aikin tela ne: yankan na da ne, kowa ya san shi, gwaninta tana ga yadda rigar za ta zauna a jiki. Inda ɗinki ya karkace, babu adon da zai rufe shi.

Abin da ya raba su da masu kwaikwayo kawai shi ne mutanen cikin waƙoƙinsu: ƙaramin ma'aikacin ofis da bashi ya yi wa katutu, ɗan talla mai yawon gari-gari, masu sammakon jirgin ƙasa. Kiɗan na murna ne, labarin kuwa sau da yawa na gajiya ne. A ganina nan ne ƙarfinsu yake. Schlesinger da Collingwood kowannensu shi kaɗai ya riƙa rubuta waƙarsa, amma sunansu biyu aka riƙa sa wa kowace.

Kasuwa ba ta yi musu daɗi da wuri ba. Bayan faifai na biyu, Utopia Parkway na 1999, kamfanin Atlantic ya sallame su. Sai a 2003 waƙar barkwanci "Stacy's Mom", wadda aka ɗinka da gangan a salon ƙungiyar The Cars, ta kai mataki na 21 a jadawalin Billboard. Daga nan aka sa su takarar Grammy a rukunin sababbin mawaƙa, mutanen da faifansu na uku ke nan!

Faifai na biyar, Sky Full of Holes na 2011, shi ne na ƙarshe. Jituwa ta ragu, kowa ya kama gabansa. Schlesinger dama bai taɓa dogara da ƙungiya kaɗai ba. Ya yi wa fina-finai da dandamali da talabijin aikin oda, kuma a shirin Crazy Ex-Girlfriend shi da abokan aikinsa biyu sun rubuta waƙoƙi sama da 150, kusan kowace da salon da take kwaikwaya. Aikin ya ba shi Emmy a 2019. Korona ta yi ajalinsa ranar 1 ga Afrilu 2020, yana da shekara 52.