Saniyar Ruga da Digirin Jami'a: A Ina Binciken Shika Ya Maƙale?

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya. Daga nan Kawaji nake magana, kuma yau zancen shanu za mu yi. Eh, shanu. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan birni mai digiri da saniya. Ka dai biyo ni, don maganar ta shafi shayin da ka sha da safe, ta kuma shafi satifiket ɗin da ke kwance a ƙasan akwatinka.

Mu fara da shayin. Madarar garin da mai shayi ke ɗebo maka da cokali, mafi yawanta daga waje ake shigo da ita. Wani kaso mai yawa ma ba cikakkiyar madara ba ce: a Turai ake cire mata man shanun a sayar da shi daban, a maye gurbinsa da man itatuwa irin su kwakwar manja, a busar a turo mana don ta fi araha. Jami'an gwamnati da kansu sun sha faɗin cewa Nijeriya na kashe kusan dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara da dangoginta. Ƙasar da aka daɗe ana ƙiyasta tana da shanu wajen miliyan 20 fa ke nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Farar saniyar Fulani, wadda masana ke kira Bunaji, ita ta fi yawa a garken ƙasar nan. A ruga, abin da ake tatsa daga gare ta bayan maraƙi ya sha bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, da rani ma ya gaza haka. Saniyar Holstein ta Turai kuwa, mai baƙi da fari ɗin nan da kuke gani a jikin kwalin madara, tana ba da lita 25 zuwa 30 a rana a ƙasashenta. Ƙari a kan haka, karsanar ruga sai ta kai shekara huɗu ko biyar kafin haihuwar fari, kuma sau da yawa sai ta yi kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Saniya kuwa ba ta nono sai ta haihu.

To a nan ne 'yan dandalin sada zumunta ke saurin yanke hukunci: ai sai a cika jirgi da shanun Turai a kawo, magana ta ƙare. Wannan shawarar, malaman jami'a sun gwada ta tun kafin a haifi iyayen wasunmu.

Idan ka wuce Samarun Zariya kaɗan a kan hanyar Funtuwa, akwai garin Shika. A 1928 Turawan mulkin mallaka suka buɗe gonar dabbobi a wurin. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai gonar ta koma ƙarƙashinta, a 1976 kuma ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI. Masu kiwon kaji sun san sunan, saboda can aka samar da kazar ƙwai ta Shika Brown. Amma tun shekarun 1960 ake haɗa jinin bijiman Friesian da shanun Bunaji a wannan gona, ana auna nonon kowace saniya ana rubutawa.

Ga abin da rubutun ya nuna, kuma ina so ku riƙe shi da kyau. 'Yar farko, mai rabin jinin Turai rabin na gida, tana ba da kusan ninki biyu na nonon uwarta, alhali abinci ɗaya suke ci a gona ɗaya. Wannan babban tsalle ne. Amma da aka ci gaba da ƙara jinin Turai, kashi uku cikin huɗu, kashi bakwai cikin takwas, sai ƙarin nonon ya zama ɗan kaɗan-kaɗan, bai ko kama ƙafar tsallen farko ba. Irin wannan sakamakon aka yi ta samu a sauran ƙasashe masu zafi, tare da wani abu: gwargwadon yadda jinin gida ke raguwa, gwargwadon yadda saniyar ke zama 'yar lele. Holstein ta fara jin jiki da zarar zafi ya haura digiri 25, mu kuwa a Kano watan Afrilu muna ganin 40 da ɗoriya. Saniyar da zafi ya dama tana rage cin abinci, nono ya ja baya, ɗaukar ciki ya yi wuya. Ga kaska, ga kirci, ga sammore a wuraren da ke da tsando. Bunaji ta yi ɗaruruwan shekaru tana fama da waɗannan har ta saba, tana iya takawa kilomitoci zuwa mashaya ta dawo. Baƙuwar kuwa, in ba inuwa, ruwa mai yawa, abinci mai kyau da likita a kusa, asara ce kawai kake kiwo.

Akwai wani tarkon kuma. Idan ka haɗa 'yar farko da ɗan farko, 'ya'yansu ba sa kai iyayen. Jinin sai ya tarwatse, wata ta ɗauko nan, wata ta ɗauko can. Shi ya sa ba a yin wannan aikin da ka. Sai an san wace ce uwar wace, wane bijimi aka yi baye da shi, lita nawa kowacce ta bayar. Kun gane inda na dosa? Littafi da biro.

Ba maganar jini kaɗai aka bincika ba. A shekarun 1980 masu binciken cibiyar dabbobi ta Afirka, ILCA, sun yi aiki da Fulani a yankin Kaciya, suka gwada killace ɗan fili a shuka ciyawa mai gina jiki da ake kira sitailo, a adana ta don shanu masu tatsa da masu ciki su ci da rani. Cikin wannan tawagar akwai Ann Waters-Bayer, wadda littafinta na 1988 ya nuna abin da kowace 'yar fillo mai tallan nono ta sani amma masu tsara manufofi suka manta: shanu na maza ne, nono kuwa na mata ne. Su ke dafa shi, su yi kindirmo, su kaɗa man shanu, su kai kasuwa, su riƙe kuɗin. Duk shirin da ya zo ya kira taron maza don a yi zancen madara, ya riga ya ɓata hanya tun daga ƙofa.

Saboda haka in wani ya ce maka ba a bincike a jami'o'inmu, ka ce masa ya je ɗakin karatu na Shika ya gani. Tambayar da ta dame ni ita ce: me ya sa ilimin da ke ajiye a Zariya, tafiyar awa biyu daga nan, bai iso rugagen da ke bayan Gezawa ba?

Ni dai ga fahimtata. Abu na farko lokaci ne. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, 'yarta kuma sai ta shekara uku ko fiye kafin ka ga nononta. Kenan kafin ka tabbatar bijimi kaza yana haifar masu nono, shekara biyar zuwa shida sun tafi. Ɗalibin digirin farko kuwa 'yan watanni yake da su ya gama furojet, na digiri na biyu shekara biyu. Sai ka haɗa da yajin aiki, kamar na 2022 da ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saniya ba ta san yajin aiki ba, amma in mai auna nononta ya tafi gida, rubutun ya yanke. Me ɗalibi zai yi? Sai ya zaɓi abin da zai ƙare da wuri: ya raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari, ko ya yi kiwon kajin gidan gona na sati takwas. Ban ga laifinsa ba, ni ma na ga yadda ake ɗaure furojet da baƙin bango a jibge a lungun ofis har ƙura ta rufe shi.

Na biyu shi ne ma'aunin da ake auna nasara da shi. Malami yana samun ƙarin girma ne da yawan maƙalun da ya buga a mujallu. Jami'a tana alfahari da yawan ɗaliban da ta yaye. Babu wani fom da ke tambayar sashen kimiyyar dabbobi: cikin waɗanda kuka yaye shekara biyar da suka wuce, nawa ne ke taɓa dabba yau? Digirin noma shekara biyar ne, har da shekara guda ta aikin gona, na likitan dabbobi shida. Da yawa ma ba su suka nemi fannin ba, likitanci suka cike, maki bai kai ba aka turo su. Bayan bautar ƙasa sai ka haɗu da wasunsu suna sayar da caja da gilashin waya a kasuwar Farm Centre. Wallahi sunan kasuwar ma kamar da gayya. Yaron rugar kuma, wanda ya san kowace saniya da sunanta da na kakarta, da ƙyar yake gama firamare, duk da cewa tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya. Mai son shanun bai samu karatun ba, mai karatun bai taɓa tatsa ba.

Kada mu raina abin da makiyayin ya sani. Bafulatani yana riƙe da tarihin garkensa a ka, uwa bayan uwa, kuma ba kowane bijimi yake bari ya hau shanunsa ba. Abin da ƙwaƙwalwa ba za ta iya ba shi ne kwatanta saniyar wannan ruga da ta rugage ɗari biyu a ƙananan hukumomi goma, a gano cewa waccan ta Dambatta ta fi kowa. Wannan aikin mai lissafi ne.

Wasu ƙasashen sun yi shi. Burazil ta kwaso shanun Gir masu tozo daga Indiya, 'yan uwan namu ne a halitta. A 1985 cibiyar binciken noman ƙasar, Embrapa, ta haɗa kai da manoma suka fara gwada bijimai ta hanyar auna nonon 'ya'yansu mata a gonaki daban-daban, shekara bayan shekara ba yankewa. Sun kuma haɗa Gir da Holstein bisa tsari suka samar da Girolando, wadda yau ita da ire-irenta ke ba da mafi yawan madarar ƙasar. Indiya ita kuma ta bi ta kasuwa. Shirin da Verghese Kurien ya jagoranta daga 1970 ya shimfiɗa ƙungiyoyin gama-kai a ƙauyuka, inda mace mai saniya biyu za ta kawo lita uku, a auna, a gwada mansa, a biya ta. Abin da ya fi burge ni shi ne a 1979 suka buɗe makaranta sukutum a garin Anand don horar da masu digiri yadda za su tafiyar da waɗannan ƙungiyoyin. Kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta zarce Amurka a yawan madara. Ba ma sai mun tsallaka teku ba: a Nijar, tashar Tukunus da ke yankin Filinge ta shafe shekaru da dama tana zaɓen shanun Azawak zalla saboda nono, ba tare da jinin Turai ba.

A nan Kano fa? Gaskiya ba zaune ake ba. Shirin KSADP na bunƙasa noma da kiwo, mai kuɗi dala miliyan 95 wanda Bankin Musulunci ya tallafa, ya gina cibiyoyin tara madara, ya kuma farfaɗo da cibiyar baye ta zamani da ke Kadawa a Garun Malam. Kamfanin L&Z na Alhaji M.D. Abubakar ya daɗe yana sayen madara a hannun matan Fulani yana yin yogot, har yana ƙara kuɗin lita ga masu sa 'ya'yansu a makaranta. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noma a busassun yankuna. A Kaduna, kamfanin Arla ya buɗe gona a Damau a 2023 da shanun Holstein daga Denmak, irin gonar da ke da fanka da ruwan feshi, wadda ba kowa zai iya kwaikwayo ba. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar dabbobi mai zaman kanta, bayan kwamitin da Farfesa Attahiru Jega, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ya taka rawa wajen jagoranta.

Gini da injina kam an samu. Amma ku dubi yadda bayen allura yake. Ana ajiye maniyyin bijimi a cikin sinadari mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, in sinadarin ya ƙare a tulun, komai ya mutu. Saniya tana neman namiji ne kusan duk kwana 21, kuma abin bai kai yini da kwana ba, a shanunmu masu tozo ma ya fi gajarta, wani lokaci cikin dare. Idan mai allurar yana cikin birni, saniyar tana ruga, kafin a kira shi ya sami man babur lokaci ya wuce. Haka ita ma madarar, in ba a sanyaya ta cikin 'yan awanni ba ta tsinke. Duk wannan aikin mutum yake buƙata a kusa, mai horo, mai albashi, wanda zai kwana a yankin.

Shi ya sa abin da nake ganin ya kamata mu matasa mu matsa a kai ƙarami ne a ido. Kowace cibiyar tara madara a ba ta mai digirin dabbobi guda, da babur, da waya, da moɗar awo, da lambobin kunne. Sau ɗaya a wata ya zaga, ya auna nonon kowace saniya, ya rubuta ranar haihuwa da bijimin da ya yi baye, ya ɗebi samfur don gwajin bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari kuma take kama mutum ta ɗanyen nono. A ɗauki mata da yawa a aikin, tunda da mata za a yi magana. Bayanan su riƙa tafiya rumbu ɗaya a jami'a, ɗalibin bana ya ɗora daga inda na bara ya tsaya. A cikin Bunaji kanta akwai masu ba da ninkin na sauran, kowane makiyayi zai nuna maka tasa. Cikin shekara biyar za a san su da lamba, 'ya'yansu maza su zama bijiman da za a kai Kadawa. Wadda kuma za a sa wa jinin Turai, a sa mata da sanin ko mai ita yana da harawa da dusa da anguryar da zai riƙe 'yar da su har ƙarshen bazara.

Idan kana ajin ƙarshe a sashen dabbobi, a Bayero ne, ko Wudil, ko kwalejin Audu Bako ta Dambatta, kafin ka amince da taken furojet ɗin da aka miƙo maka, tambayi malaminka ko akwai garken da wani ya fara aunawa kafin kai. In akwai, ka karɓa ka ci gaba. In babu, ruga ɗaya da shanu ashirin sun isa a buɗe shafin farko.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.