Famfon Mai Na Tsofaffin Baburan Ingila Da Yadda A Ke Gyaransa

Masu karatu da yawa sun san sunan BSA da Norton da Triumph, baburan nan na Ingila masu nauyi da ƙara. Kamfanin BSA na Birmingham ya durƙushe a 1973, ma'aikatar Triumph ta Meriden kuwa aka rufe ta a 1983, amma har yanzu akwai masu riƙe da baburan suna ta lallaɓa su. Wani abin da kan kashe irin waɗannan injuna kuwa ɗan ƙarfe ne wanda bai cika tafin hannu ba, watau famfon mai.

Ga yadda abin ya ke. Baƙin man waɗannan babura ba a cikin inji ya ke kwana ba, tankinsa dabam ne, a ƙarƙashin sirdi. Saboda haka famfon aiki biyu gare shi. Gefe guda ya jawo mai daga tanki ya tura shi cikin karanshaf, ɗaya gefen kuma ya kwashe wanda ya tsiyaye ƙasan inji ya mai da shi tanki. Da gangan maƙera suka yi gefen kwashewa ya fi na turawa girma, don kada mai ya taru a ƙasa. Shi ya sa in ka buɗe murfin tanki inji na aiki, za ka ga man yana dawowa tsit-tsit, gauraye da kumfa. Wannan ba ciwo ba ne, alamar lafiya ce.

Famfon iri biyu ne. Na Triumph mai silinda biyu, wanda Edward Turner ya tsara aka fara sayarwa da sunan Speed Twin a 1938, 'yan sanduna biyu ne masu hawa da sauka cikin rami, kowanne da ƙwallon ƙarfe da sifirin a gindinsa. Gyaransa ba wuya. Yawanci ɗan datti ne ya kan maƙale ƙarƙashin ƙwallon, ya hana shi toshe ƙofa. Sai a kwance, a wanke da kananzir, a mai da ƙwallon mazauninsa, a ɗora masa guntun tagulla a ɗan ƙwanƙwasa sau ɗaya, a hankali, don ya zauna daram. In sandunan sun ci har suna lilo cikin raminsu, to, ba sauran magani sai sabo.

Na BSA da Norton kuwa ƙafafu ne masu haƙora, suna cin juna suna tura mai. A nan ne aiki ya ke. Shekara da shekaru gefen haƙoran ya kan cinye, rata ta samu tsakaninsu da murfi. Kadan babur ya yi makonni a ajiye, man tanki ya yi ta sulalewa ta wannan rata har ya cika ƙasan inji. Ran da aka tashe shi sai hayaƙi ya turnuƙe, mai ya yi ta fita ta bututun numfashi. Makanikai su kan cire haƙoran, su shimfiɗa samfefa mai laushi bisa gilashi, su riƙa goga fuskar famfon a kai kaɗan-kaɗan, suna mai da haƙoran suna gwadawa, har ratar ta ɓace. In an haɗa, ya kamata ya juya da yatsa da ɗan tauri, amma ba tare da cijewa ba. Wanda ya yi gaggawa ya zarce, ya ɓata famfon ke nan. Har wa yau, gangar jikin famfon BSA da yawa da gaurayen tutiya aka zuba ta, ƙarfe ne mai taushi, in aka matse notinta fiye da kima sai ta karkace.

Akwai wata dabara da waɗansu ke yi don gudun wannan wahala, su sa makunni a bututun da ke kawo mai daga tanki, su rufe in sun ajiye babur. A ganinmu wannan ganganci ne. Mutum ɗan mantuwa ne, ran da ya hau bai buɗe ba, kafin ya yi nisa injin ya buga, kuɗin gyaransa kuwa ya ninka na famfo sau da yawa.

Wani abu kuma da a kan manta shi ne ramin tara dauɗa da ke cikin karanshaf na Triumph da BSA masu silinda biyu. In ya cika ya toshe, ko famfo sabo ne fil mai ba zai kai inda a ke bukatarsa ba, kuma ba a iya share shi sai an farke injin duka.

Kafin a ɗaura famfon da aka gyara, a cika shi da mai, a sa sabon gaskit, a duba kada ya rufe ƙofofin mai. Sa'an nan a tashi inji a hankali, murfin tanki a buɗe, ido na kan bututun dawowa. In an yi kamar minti guda ba a ga mai ba, a kashe nan take a sake bincike.