Daga Kilisa Zuwa Yawon Buɗe Ido: Ziyara a Madatsar Ruwan Challawa

Kwanakin baya wani abokin aikina ya dawo daga taron ƙara wa juna sani a ƙasar Switzerland, ya zaunar da mu a ofis yana nuna mana hotunan wani tafki da ke can ƙololuwar duwatsu, yana ta yabon yadda mutanen ƙasar ke fita da iyalansu ranar hutu, su yi tafiyar ƙafa, su ci abinci a bakin ruwa, su koma gida da yamma. Da ya gama na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Karaye ya ga ruwan Challawa. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ba, alhali a Kano aka haife shi, kuma ya haura shekara 40. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma sai a hutun ƙarshen shekara na fara zuwa.

Mu dai Allah bai ba mu tafki irin na Titicaca ba, wanda ke tsakanin Peru da Bolivia a tsayin mita 3,800 da ɗoriya daga doron teku. Abin da muke da shi a ƙasar Kano tafkuna ne da hannun mutum ya tare, kuma na Challawa yana cikin manyansu. Madatsar tana ƙaramar hukumar Karaye, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. An gina ta tsakanin 1990 da 1992, tsayinta mita 42, tsawonta ya kusa kilomita 8, kuma idan ta cika tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Ga wanda bai saba ganin ruwa ba sai na kududdufi, in ya tsaya a bakinta da sanyin safiya, hazo ya rufe ɗaya gaɓar, zai ɗauka bakin teku yake.

Mun isa da hantsi, muka yi sallama da masu kula da wurin, sannan muka gangara inda masunta ke ajiye kwale-kwalensu. Akwai karfasa da tarwaɗa da aka fito da su daga ruwa a lokacin, ga balbela da zalɓe suna kiwo a gefe, ga kuma gonakin rani kore shar a tsakiyar hunturu. Ƙaramin ɗana, wanda ya san sunayen 'yan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, ya nuna zalɓe ya tambaye ni da Turanci ko wane tsuntsu ne wannan. Wani dattijon masunci ne ya ba shi amsa, ya ƙara masa da sunayen kayan su, irin su koma da fatsa da gora. A matsayina na malamin harshe na ji kunya, domin kalmomin da nake karantarwa a aji daga ƙamus, ga su nan da ransu a bakin wanda bai taɓa shiga jami'a ba, ɗana kuwa bai gaji ko ɗaya daga gare ni ba.

A kan ce wai Bahaushe bai san shaƙatawa ba, al'adar Turawa ce. Harshen kansa ya ƙaryata wannan magana. Muna da kilisa, wato fita a kan doki da yamma ba don yaƙi ko fatauci ba, sai don motsa jiki da na dabba. Muna da shan iska, muna da farauta da su na gayya, waɗanda rabinsu neman abinci ne, rabinsu nishaɗi. Sarakunan Kano suna da gidaje a Fanisau da Ɗorayi a wajen ganuwa, kuma hawan da ake yi zuwa can bayan salla shaida ce cewa fita daga birni a huta tsohon abu ne a wurinmu. Kalmar da ta zo daga baya ita ce yawon buɗe ido, wadda kafafen watsa labarai suka yayata. Matsalarta ita ce ta ɗauko ƙamshin jirgin sama da fasfo, har ta kai ga ɗan boko yana ganin ido ba ya buɗewa sai a Dubai ko Landan. Fita ta kusa kuwa muka jefa ta cikin yawon banza, muka bar wa yara marasa aikin yi. Sakamakon haka shi ne likita da lauya da malami suna wuni a zaune, daga mota zuwa ofis, daga ofis zuwa gaban talabijin, hawan jini da ciwon sukari suna bin su a hankali.

Shugabannin farko sun hango wannan. A zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, da aka yi madatsun Bagauda da Tiga, an haɗa da masaukin baƙi a kusa da ruwan, an kuma buɗe gidan namun daji a cikin Kano. Otal ɗin Bagauda daga baya ya koma Makarantar Horar da Lauyoyi. Wannan ba asara ba ce, amma tana nuna yadda tunanin hutawa ya fice daga lissafinmu.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a ɗebi yara a zuba cikin ruwa. Ruwa ba abokin wasa ba ne. Ba mu manta da hatsarin kwale-kwale na madatsar Watari a Bagwai ba, a watan Nuwamba na 2021, inda fiye da mutum 20 suka rasu, da yawansu ɗaliban Islamiyya. A ranar ziyararmu yarana sun so a zagaya da su cikin kwale-kwale, na hana, domin ban ga rigar kariya ba kuma babu wanda ya iya iyo a cikinmu. Akwai kuma tsargiya, cutar da ƙwayoyinta ke rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu, su huda fatar mai wanka, daga baya a ga jini a fitsari. Saboda haka a kalli ruwan, a ci kifinsa, amma a bar wanka. A tafi da wuri, a dawo kafin magariba, a kuma tuntuɓi mutanen gari game da halin hanya.

Haka nan ya kamata mai ziyara ya tuna cewa wannan kyan gani yana da farashi. Akwai waɗanda aka tasa daga gidajensu da gonakinsu kafin ruwan ya kwanta. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, tare ruwa a Tiga da Challawa ya sauya yanayin ambaliyar da manoma da masunta suka dogara da ita, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Yaron da ya ga madatsa da idonsa ya ji wannan bayani ya fi wanda ya haddace shi don jarrabawa fahimta. Gani ya kori ji.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Hukumar da ke kula da madatsar, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da masarautar Karaye, za su iya keɓe wuri guda mai rumfuna da bishiyoyi da makewayi da wurin salla, a yi wa masu kwale-kwale rajista, a wajabta rigar kariya da ƙayyade yawan fasinja. Kuɗin shiga kaɗan zai riƙe wurin, matan da ke suyar kifi da matasan gari su samu ciniki. Makarantu su riƙa kai ɗalibai, malaman Hausa su bi su da littafin rubutu, domin sunayen kifi da tsuntsaye da tsirrai suna bin dattawa zuwa kabari.

Mu kuma da muke da mota da albashi, kada mu jira sai an gina otal. Tabarma da tulun ruwa da rana guda sun isa. Abokin nan nawa ya yi alkawarin za mu koma tare bayan damina, lokacin da ruwan ya cika. Allah Ya kai mu, Ya kuma kiyaye hanya.